Asalin Alkama Mai Saurin Nuna da Jure Tsatsa

Tsatsa cuta ce da ta daɗe ƙwarai tana addabar manoman alkama, kuma ƙwayar da ke haddasa ta dangin funfuna ce wadda iska ke ɗauka daga gona zuwa gona, ta fito a jikin kara kamar jan gari, ta shanye abincin da ya kamata ya tafi zangarniya, har tsabar ta motse, karan ya karye. Irin wannan annoba ce ta lalata alkamar ƙasar Meziko shekara uku a jere, daga 1939 zuwa 1941, kuma a 1943 gwamnatin ƙasar ta haɗa hannu da Gidauniyar Rockefeller domin inganta noma, shirin da Norman Borlaug ya shiga a 1944.

Aikin samar da sabon iri aiki ne na haƙuri, domin sai an buɗe furen alkama da hantsaki an tsince sassan namiji tun ba su nuna ba, a rufe zangarniyar da takarda, bayan 'yan kwanaki a zuba mata garin furen wani iri, sa'annan a bi 'ya'ya da jikoki ana tacewa, wanda a da yakan ci shekara goma ko fiye. Borlaug ya ga tsatsa ba za ta jira ba, sai ya riƙa shuka sau biyu a shekara: da sanyi a kwarin Yaqui na jihar Sonora, inda ake ban ruwa, da damina kuma a tuddan Toluca masu tsayin kusan mita 2,600. Masana da dama sun soki wannan dabara, saboda a lokacin an yi imani cewa a inda za a noma iri nan ya kamata a tace shi. Amma alherin da ba a zata ba yana cikin wannan kai-da-kawo, domin duk irin da ya yi kyau a wuraren biyu ya zama wanda bai damu da tsawon yini ba, yana fitar da kai da wuri, yakan kuma nuna kafin tsatsa ta yi ƙarfi. A 1956 Meziko ta wadatu da alkamar gida.

Saura matsalar kwanciya, wato faɗuwar doguwar alkama idan ta sha takin zamani, wadda aka magance ta da gajeren irin Japan mai suna Norin 10. Daga haɗinsa aka sami Pitic 62 da Penjamo 62, sai Sonora 64 da Lerma Rojo 64, kuma a 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na irin Meziko, Borlaug kuwa ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Saurin nuna shi ne ya fi shafar manoman rani na Kadawa da gaɓar tafkin Chadi, inda alkama ba ta da lokaci sai ɗan sanyin hunturu, kuma dole tsaba ta cika kafin zafin Maris, shi ya sa irin Siete Cerros na Meziko ya samu karɓuwa a can. Tsatsa dai ba ta ƙare ba, domin wani sabon nau'inta da aka gano a Yuganda a 1998, aka sa masa suna Ug99, ya karya garkuwar tsatsa mai suna Sr31 wadda ire-iren alkama da yawa a duniya suka dogara da ita, ya kuma mayar da masu bincike gona da hantsakinsu.