Sojan Nijar da Ƙofar Fada

A daren 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka shiga fadar shugaban ƙasa a Yamai. Kafin gari ya waye, mulkin Diori Hamani na shekara 14 ya ƙare, matarsa Aisha tana cikin waɗanda suka rasa ransu. Laftanar-Kanar Seyni Kunce ya kafa hujja da fari: dabbobi sun ƙare, talakawa na yunwa, ga zargin cewa hatsin agaji yana ƙarewa a rumbunan manya. Ya rusa majalisa, ya haramta jam'iyyu, ya riƙe ƙasar da hannun ƙarfe har ciwo ya kashe shi a Faris a 1987. Tsofaffi har yau sukan yabe shi da tsare dukiyar gwamnati. Waɗanda suka sha ɗauri a zamaninsa kuwa, nasu labarin daban ne.

Abin lura shi ne, sojan Nijar ba kasafai yakan fasa ƙofa ba. Sau da yawa 'yan siyasa ne kan bar masa ita a buɗe. Bayan Taron Ƙasa na 1991, Mahamman Usman ya ci zaɓen 1993, amma a 1995 'yan adawa suka mamaye majalisa, dole ya naɗa Hama Amadu firaminista. Aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista ya yi naɗe-naɗensa, aikin gwamnati ya tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kwashe su duka.

Shi kuma sai kujera ta yi masa daɗi. Ya tsaya takara a watan Yuli, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a ya rusa hukumar zaɓe, wadda ya naɗa a madadinta ta ce shi ya ci. Ranar 9 ga Afrilun 1999, a filin jirgin saman Yamai, dogaransa suka buɗe masa wuta yana shirin hawa jirgi. Gwamnati ta kira abin hatsari. Ba wanda ya yarda. Manjo Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran fada, ya karɓi ragama, kuma a yi masa adalci, kafin shekarar ta fita ya miƙa wa Mamadu Tanja.

Tanja ma tsohon soja ne, yana cikin waɗanda suka kifar da Diori. Ya kamata a ce ya fi kowa sanin inda tazarce ke kai mutum. A 2009 ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki don ƙarin shekara 3. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 ana taron ministoci sojojin Salu Jibo suka kama shi, suka shirya zaɓe, Mahamadu Isufu ya hau a 2011.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bai bi wannan sawu ba. Babu majalisar da aka rusa, babu tazarce. Mohamed Bazum ya karɓi mulki daga Isufu a 2021, karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a ƙasar. Wanda ya tsare shi a cikin gidansa shi ne Janar Abdurahaman Tiani, da ya shugabanci dogaran fada tun 2011, hujjarsa kuma taɓarɓarewar tsaro. Wanke ya kama hanyar bariki cikin 'yan watanni, Jibo kuma bayan shekara guda da 'yan kai. Tiani ya sallami sojojin Faransa da na Amurka, ya fitar da Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, tare da Mali da Burkina Faso, a Maris ɗin 2025 kuma aka rantsar da shi na shekara 5.