Tarihin Bistro: Yadda 'Yan Ga-Ruwa Suka Zama Masu Ciyar Da Birnin Paris

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Legas ko Fatakwal mun sha ganin kalmar bistro a jikin allon wasu gidajen abinci masu tsada, irin waɗanda talaka ke leƙawa ta gilashi ya wuce. Abin mamaki shi ne a inda kalmar ta samo asali, wato birnin Paris na ƙasar Faransa, bistro gidan abincin talaka ne, kuma baƙi 'yan ci-rani ne suka kafa shi.

Akwai wani labari da ake yawan ba masu yawon buɗe ido. Wai a shekarar 1814, lokacin da sojojin Rasha suka shiga Paris bayan an ci Napoleon da yaƙi, sukan faɗa shagunan abin sha suna daka tsawa da wata kalma ta harshensu mai nufin “maza-maza”, wai daga nan sunan ya fito. Har allo aka manna a bangon wani gidan abinci da ke unguwar Montmartre ɗauke da wannan labari. Sai dai masana harshe ba su yarda da shi ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: ba a ga kalmar a rubuce ba sai a 1884, shekara 70 bayan zuwan sojojin. Labarin dai ya fi tarihin daɗin ji, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Ainihin tarihin ya faro ne daga tsaunukan tsakiyar Faransa, yankin Auvergne da maƙwabtansa irin su Aveyron da Lozère. Ƙasa ce mai duwatsu da tsananin sanyi, noma ba ya ciyar da gida shekara guda, saboda haka samari kan tafi Paris neman kuɗi. Ba su da jari, Faransancinsu ma da karin ƙauye, 'yan birni na yi musu dariya. Abin da suke da shi ƙarfi ne, sai suka kama sana'ar ga-ruwa. Mutum zai ɗebo bokiti biyu daga kogin Seine ko daga famfon unguwa, ya rataya a kafaɗa, ya hau bene hawa biyar ko shida ya juye wa mai gida. Wasu har ruwan zafi da bahon wanka suke kai wa masu hali gida. Duk wanda ya ga 'yan uwanmu na tura kurar jarkoki a Agege ko Obalende ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sai zamani ya juya musu baya. Tsakanin 1853 da 1870, a ƙarƙashin Haussmann, wanda sarki Napoleon na Uku ya ɗora wa aikin sake fasalin birnin, injiniya Belgrand ya jawo ruwa daga nesa, aka shimfiɗa bututu, sannu a hankali famfo ya fara shiga gidaje. Sana'ar ga-ruwa ta kama hanyar mutuwa. Amma mutanen Auvergne sun riga sun san kowane lungu da kowace matattakala, sun san wanda ke biya da wanda ke cin bashi. Sai suka ajiye bokiti suka ɗauki buhu, suka koma sayar da gawayi da kwal da itacen hura wuta ga waɗannan gidajen dai. 'Yan birni suka laƙaba musu suna bougnat, ana furta shi kamar “bunya”.

A nan ne mata suka shigo. Mai gawayi zai kama ɗan ƙaramin shago, ya aika gida a yi masa aure. Shi yana yawon kai buhuna, ita tana tsaye a bayan kanta tana sayar wa leburori kofi da giyar inabi. Da tsakar rana za ta ɗora wa iyalinta tukunya, wani lebura ya ji ƙamshi ya ce a sayar masa da kwano ɗaya, gobe ya zo da abokinsa. Haka aka saka tebur biyu, aka ƙara na uku. Daga wannan shago mai baƙin ƙurar gawayi a gefe guda da tukunyar uwargida a ɗaya gefen aka samu bistro. Tun kafin wannan lokaci akwai manyan gidajen abinci a Paris, waɗanda suka fara bayyana a shekarun 1760 suka kuma yawaita bayan juyin juya halin 1789, amma waɗancan na masu kuɗi ne, lebura ba ya taka ƙofarsu.

Abin da ya riƙe sana'ar a hannunsu fiye da shekara ɗari shi ne zumunci mai tsari. Wanda ya kafu yakan ɗauko yaro daga ƙauyensu, ya fara da wanke kofi da ɗauko kaya daga ɗakin ƙasa, ya zama mai kai abinci tebur, ya zama mai riƙon shago. In ya nuna amana, 'yan garinsu da dillalan da ke kawo musu kaya su ranta masa kuɗi ya sayi nasa, sau da yawa bisa amana kawai. Kusan kowane ƙauye yana da ƙungiyarsa a Paris. A 1882 wani ɗan jarida mai suna Louis Bonnet ya kafa musu jaridar mako-mako, L'Auvergnat de Paris, wadda ke kawo labarin haihuwa da aure da rasuwa daga gida, tare da sanarwar shagon sayarwa da neman ma'aikata. Daga baya har jiragen ƙasa na musamman ya shirya musu masu rahusa don zuwa ganin gida. Ta wannan hanya Marcellin Cazes, ɗan Aveyron da ya zo birni yana yaro ba shi da komai, ya sayi shahararren gidan nan Lipp a 1920, inda ministoci da marubuta suka riƙa jiran ya ba su wurin zama.

Abincin bistro har yau yana ɗauke da tambarin wannan asali. Girki ne na mai tattali. Ana sayen naman da ba shi da tsada, irin su ƙwauri da wutsiya da kai da kayan ciki, a bar shi a wuta sa'o'i har ya yi laushi. Pot-au-feu naman shanu ne da ƙashi mai ɓargo da karas da albasa, danginsa ɗaya da farfesunmu, sai dai babu yaji. Blanquette naman maraƙi ne cikin farar miya mai kirim. Akwai dafaffen ƙwai da mayonis, akwai gasasshen nama da soyayyen dankali, akwai romon albasa da burodi da cuku a kai, wanda 'yan dakon babbar kasuwar Les Halles ke sha da asuba kafin a tashi kasuwar zuwa Rungis a 1969. Daga tsaunukansu kuma suka kawo aligot, dankali da aka tuƙa da cuku har yana yauƙi. Ana rubuta girkin ranar da alli a jikin baƙin allo, in ya ƙare a goge. A ganina wannan allon shi ne ma'aunin gidan kirki: abinci huɗu ko biyar da aka dafa yau sun fi takarda mai jerin abinci arba'in, domin babu madafi ƙarami da zai iya dafa arba'in a rana ɗaya sai da taimakon firiza. Musulmin da ya shiga kuwa dole ya buɗe baki ya yi tambaya, don naman alade da giyar inabi suna shiga girki da yawa ba tare da sunan abincin ya nuna ba. Boeuf bourguignon, misali, a cikin giya ake dafa shi.

Batun hidima shi ne inda baƙi suka fi yin ƙorafi, cewa ma'aikatan bistro ba su da fara'a. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai rashin fahimta. A Paris kai abinci tebur sana'a ce da mutum ke tsufa a cikinta, da baƙar falmaran mai aljihuna da yawa don canji, da dogon farin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Ba ya ɗaukar kansa bara, kuma albashinsa bai rataya ga tukuicinka ba, domin tun 1987 doka ta ce farashin da aka rubuta ya haɗa da kuɗin hidima. Tun 1967 kuma burodi da tulun ruwan famfo suna cikin kuɗin abincin, ba a cajin su daban. Wanda ya shiga bai yi gaisuwa ba ya fara ba da umarni, zai daɗe yana jira, kuma a nan ban ga laifinsu ba, mu ma haka muke yi wa wanda ya shigo babu sallama. Tebura a matse suke, gwiwar hannunka na taɓa ta maƙwabcinka. Kofin da ka sha a tsaye a kanta ya fi na zaune araha. Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, ko da ka yi awa biyu a kan kofi ɗaya, domin kawo shi tun ba a tambaya ba tamkar kora ce. A gidan Chartier, wanda aka buɗe a 1896 don ciyar da ma'aikata da araha, har yanzu a kan takardar da aka shimfiɗa a tebur ake rubuta maka abin da ka ci a yi jimla a gabanka. Suna alfahari da aikin har tsere suke yi a titi da tire a hannu, gasar da aka faro a 1914 aka kuma farfaɗo da ita a 2024.

Amma sana'ar ta ja baya ƙwarai. A wajajen 1960 ana ƙiyasta akwai irin waɗannan shaguna kimanin 200,000 a faɗin Faransa, yau ba su kai 40,000 ba. Masana'antu sun bar tsakiyar birni da leburorinsu, haya ta yi tsada, hutun cin abincin rana ya gajarce, gidajen abincin gaggawa sun yawaita, a 2008 kuma aka hana shan taba a ciki. Wasu masu shagon suka koma sayen dafaffen abinci daga kamfani suna ɗumamawa, abin ya yi yawa har gwamnati ta fito da wata alama a 2014 da ake sa wa abincin da aka girka a gidan daga ɗanyen kaya. A ɗaya ɓangaren, ƙwararrun masu girki irin su Yves Camdeborde, wanda ya bar babban otal ya buɗe La Régalade a 1992, sun ɗaga darajar girkin bistro, sai dai farashin ya bi darajar sama. Wannan sabon salon ne ya yaɗu a duniya har sunan ya iso allunan Legas.

Su kuwa jikokin masu gawayin, yawancinsu sun yi karatu sun zama lauyoyi da likitoci, ba mai son tashi ƙarfe biyar na asuba ya tsaya a kanta har dare. Da iyaye suka tsufa sai suka sayar. Waɗanda suka saya su ma baƙi ne: da farko Kabilawa daga Aljeriya, daga baya, tun wajajen 2000, 'yan asalin Sin, waɗanda su ma da rancen dangi suke haɗa kuɗin. In ka leƙa madafi kuwa, sau da yawa wanda ke juya tukunyar blanquette ɗan Mali ne ko Senegal ko Sri Lanka. A 2008 ɗaruruwan irin waɗannan ma'aikata marasa takardun zama suka shiga yajin aiki a Paris, suka zauna daram a cikin gidajen abincin da suke yi wa aiki, wasu na makonni wasu na watanni, har aka ba da yawa daga cikinsu takardu.