KAINJI: RUWA ƊAYA, BUƘATA UKU

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya yi zaman firef da mu zai tuna yadda mukan yi tsaki in an ɗauke wuta, kowa ya lalubo fitilarsa. A lokacin mun ɗauka wuta daga waya take fitowa. Sai da muka je ziyarar Kainji muna aji biyar, malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana tafkin ya ce, "Ga wutarku nan kwance." Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne kakana, mutumin ƙasar Yawuri, wanda yakan ce gonarsa ta albasa tana ƙarƙashin wannan ruwa.

An fara ginin madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a shekarar 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. An tanadi gurbin injuna 12, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya haura kilomita 130 a tsawo. Ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, aka kuma tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai.

To, kafin madatsar, kogin yana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na damunarmu, mai laka, wanda ke cika wajen Satumba. Sa'an nan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso mana da sanyin hunturu bayan lakarsa ta kwanta. Da wannan lissafi Gungawa ke noman albasa a tsibirai, Sarkawa ke kamun kifi, Nufawa kuma can ƙasa ke shuka shinkafa a fadama.

Da aka datse kogin sai lissafin ya koma hannun injiniya, shi kuwa buƙatarsa ruwa ya riƙa fita daidai wa daida duk shekara don injuna su juya. Tsibiran Gungawa da dama suka nutse. A ƙasan madatsar ambaliyar da ke jiƙa fadamu ta ragu, kifin da ke hayayyafa a cikinsu ya ja baya. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma, kamar 1999, tilas a buɗe ƙofofi, gonakin mutanen ƙasa su tafi. Gaskiya ne tafkin ya kawo nasa arzikin. Masunta sun zo daga nesa, an kafa cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa, manoma kuma suna shuka a gaɓar da ruwa ke janyewa kowace shekara. Sai dai wanda ya samu ba lalle ne shi ne wanda ya rasa ba.

Bugu da ƙari, maganar ba ta tsaya a iyakarmu ba, domin kogin sai ya ratsa Jamhuriyar Nijar kafin ya zo mana. Tun 1976 ake tura wa Yamai wuta ta layin Birnin Kebbi. A Yunin 1985, saboda fari, kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ya ƙarfafa burin Nijar na gina tata madatsar a Kandaji, domin wuta da noman rani. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wutar, ba ta mayar ba sai Maris 2024. Duk ruwan da maƙwabci ya riƙe don ya ci abinci ya kuma ga haske, injin Kainji zai ji a jikinsa.

A wannan shekara ta 2023 aka cire tallafin man fetur. Ɗan baffana, wanda ya gaji noman albasa, da injin ban ruwa yake aiki, sai ga shi ya rage fili saboda tsadar mai, alhali yana zaune a bakin tafkin da ke haskaka birane. A jami'a na iske masana sun ba wannan sarƙaƙiya ta ruwa da makamashi da abinci suna, har an yi mata babban taro a birnin Bon na Jamus a 2011. Kakana bai san sunan ba, amma ya san ciwon.

Yau ina aikin gwamnati, na kuma ga yadda fayil ɗin ruwa ke ma'aikata ɗaya, na wuta a wata, na noma a ta uku. A cikinmu akwai injiniyoyi da malaman gona da manyan sakatarori. Roƙona shi ne, duk wanda takardar wata madatsa ta zo teburinsa, kafin ya sa hannu ya tambaya: gonar wa za ta nutse, kuma wa zai ga hasken? Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Allah Ya sa mu gane.