Kadinal Talleyrand na Périgord (1301–1364)

An haifi Hélie de Talleyrand a 1301 a gidan sarautar Périgord, kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa shi ne Hélie na Bakwai, mahaifiyarsa kuma Brunissende ta gidan Foix. Tun yana ƙarami aka sa shi hanyar coci, kuma gata ya yi masa aiki: bishop na Limoges a 1324, na Auxerre a 1328, sannan Fafaroma John na 22 ya naɗa shi kadinal a 1331 yana ɗan shekara talatin. Fadar Fafaroma tana Avignon a lokacin, kuma da shi aka zaɓi Fafaroma huɗu.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne yaƙin Poitiers. A 1356 Fafaroma Innocent na Shida ya tura shi ya shiga tsakanin Sarki Jean na Biyu na Faransa da Yarima Edward na Ingila. Ranar Lahadi 18 ga Satumba ya wuni bisa doki yana kai da komo tsakanin sansanonin biyu. A ruwayar marubucin tarihi Froissart, Yarima ya yarda ya saki fursunoni, ya mayar da garuruwan da ya ci, ya kuma rantse ba zai yaƙi Faransa ba har shekara bakwai. Jean ya ce sai dai Yarima ya miƙa wuya da jarumai ɗari. Washegari aka gwabza, aka kama Jean.

Daga nan marubuta suka rabu. Na Ingila sun ce jinkirin ya ba Faransawa damar tara ƙarin mayaƙa; wasu kuma suka ce mayaƙan Ingila ne suka samu sararin haƙa ramuka da gyara mafakar maharbansu. Abin da ya fi ɓata masa suna shi ne wasu mutanensa sun shiga yaƙin a ɓangaren Faransa, har aka kashe ɗan 'yar'uwarsa Robert na Durazzo, Yarima ya aika masa da gawar. Zargin munafuncin da aka yi masa dai ya wuce gona da iri, domin sharuɗɗan da ya samo sun fi abin da Faransa ta ƙare da shi nesa ba kusa ba.

Ya kafa kwalejin Périgord a Toulouse. Ya rasu a Avignon ranar 17 ga Janairu 1364, aka kai gawarsa cocin Saint-Front a Périgueux.