Rubutun Kano: Daga Alƙalamin Kara Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar Hausa, da ya hangi shafin littafi zai gane rubutun gida ne ko na Gabas, tun kafin ya karanta kalma guda. Rubutun da ake kira na Kano baƙaƙensa masu kauri ne, gajeru, a zaune daram a kan layi, kuma kaurin alifi bai cika bambanta da na jan layin da ke haɗa baƙaƙe ba. Asalinsa yana komawa ga rubutun Magariba da tsohon rubutun Kufa, kuma masana sun nuna cewa ya samo tushe daga rubutun Barno, inda tun da daɗewa Hausawa ke tura 'ya'yansu neman Alƙur'ani.

Babbar alamarsa ita ce ɗigo. A wannan rubutu fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. A rubutun Misira fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ashe ke nan almajirin da ya saba da na gida, in aka miƙa masa bugun Misira, sai ya karanta fa a matsayin ƙaf. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa baƙaƙen dalma da aka shigo da su daga waje ba su shiga ran mutanenmu ba. Ga kuma ruwayar Warshu da muke karatu da ita, wadda ke da ɗigon imala a ƙarƙashin harafi, ɗigon da marubuta ajami suka ara don rubuta wasalin "e" na Hausa.

Ado kuwa a launi yake. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya, sa'an nan kumsa a kan aya ta biyar, kuri a kan ta goma, da zayyana a gefen shafi wajen hizbi da sujada.

Daga shekarun 1950 ne aka samu dabarar da ta raya wannan rubutu. Marubuci zai zauna ya rubuta littafi da hannu, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai, a kai Kasuwar Kurmi. Ta haka Ƙawa'idi da Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi suka bazu har Nijar da Gana da Kamaru, kuma hannun magwanta irin su Sharif Bala Gabari ya zama abin koyi ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Sai dai ƙananan littattafai masu araha sun rasa launinsu, ja da rawaya duk suka koma baƙi.

A shekarar 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa rubutun Kano, aka kuma bayar kyauta, har da haruffan ajami irin su tsa mai ɗigo uku. Sun yi kyau a kanun littafi da allon sanarwa, saboda kaurinsu ana hango su daga nesa. Amma in aka cika shafi da su, mai ido zai lura kowace mim irin 'yar'uwarta ce sak, alhali alaramma yakan ja harafi ko ya tsuke shi don layi ya cika daidai da bakin takarda.