Farar fiza, zuma da barkono: abincin da ya girmi tumatir a Turai

Yau tarihinmu na cikin madafi ne. Duk mai waya ya ga hoton pizza, wadda mu nan muke ce ma fiza: faifan ƙullin alkama, jajir da tumatir, cuku ya narke bisa. Yaranmu da sunka je karatu Yamai ko Kano suna dawowa da labarinta kamar abin da sai ɗan birni mai kuɗi. To akwai wata iri da babu tumatir cikinta ko ɗigo, ana ce mata farar fiza. Ita ce babba, ja ƙanwarta ce. In munka bi sawunta kuma, za mu iske tana da dangi a cikin gidajenmu.

Mu fara da sunan. Takarda mafi tsufa da anka samu da kalmar pizza an rubuta ta ne a shekarar 997, a garin Gayeta na ƙasar Italiya. Lokacin nan ba Baturen da ya taɓa ganin tumatir da idonsa. Tumatir ɗan nahiyar Amurka ne, bai ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492. Ko da ya iso Italiya cikin ƙarni na 16, mutane sun daɗe suna tsoronsa, wasu na shuka shi don ado kawai. Ke nan shekaru ɗaruruwa abin da ake ce ma fiza ƙulli ne da ake shimfiɗawa, a shafa mai, a barbaɗa gishiri, in da hali a sa cuku ko tafarnuwa, a gasa.

A birnin Napoli ne talakawa sunka haɗa ƙullin da tumatir. Abincin 'yan dako ne da masunta, ana saye a bakin titi a ci a tsaye, kamar yadda muke sayen ƙosai da safe. Labarin da Italiyawa ke bayarwa shi ne a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi ma sarauniya Margarita fiza mai launin tutar ƙasar: jan tumatir, farin cuku, koren ganye. Daga nan 'yan ci-rani sunka tafi da ita Amurka, inda shagon Lombardi na New York ya fara gasa ta wajen 1905. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gashin fiza na Napoli cikin gadon al'adun duniya. Duk da wanga suna da ja ta yi, fara ba ta mutu ba. A birnin Rum har gobe ana sayar da ita da mai da gishiri kaɗai, kuma tsofaffin garin na cin ta da ɓaure nunanne. Kun ji inda zaƙi ya shigo.

Yanzu mu dawo gida. Kalmar alkama daga Larabci ta zo muna, haka gurasa, haka alkaki. Sunayen sun nuna hanyar da abin ya biyo: hanyar ayari, daga arewacin Afirka, ta Agadas, zuwa Katsina da Kano. Hanyar nan ta ratsa ƙasarmu. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutane ke kira Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya sauka Tasawa, ya yada zango a Gazawa, kana ya wuce Katsina da Kano. A Kano akwai Larabawan Gadamas da Tarabulus zaune, kuma da su ne ake danganta gurasar da ta zama abincin birnin.

Ku dubi yadda ake yin gurasa bandashe: faifan ƙullin alkama da anka manna a cikin tanderu, a yayyafa mata ruwa, a zuba garin ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa bisa. In Ba'italiye ya gan ta, ai ba zai tambayi sunan danginta ba. Haka tagalla ta Buzaye, wadda ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka. Haɗa alkama da zuma kuwa, uwayen amare sun daɗe da saninsa, don alkakin gara da zuma ko sukari ake jiƙa shi.

Sauran yaji. Barkono ma baƙo ne, daga Amurka ya zo kamar tumatir, tare da gyaɗa da masara da rogo. Kafin zuwansa kakanninmu na da citta, da kimba, da masoro, da kanumfarin da fatake ke kawowa. Amma barkono ya zauna har mun manta baƙo ne. A New York, wajen 2010, wani shagon fiza na unguwar Brooklyn ya fara kwarara zuma mai barkono bisa fiza, abin ya bazu ƙasar duka, ana ta yayinsa. Mu da ke sa sukari da yaji cikin dakuwa, muna shan fura da citta da barkono, wannan haɗi ba labari ba ne wurinmu.

To mi ya sa munka ɗauko zancen yanzu? Saboda fulawa. Alkamar da ake nomawa a Nijar, a fadamun Ƙonni da lambunan Abzin, ba ta kai ko kusa da abin da gidajen burodi ke sha ba. Sauran duk daga waje take zuwa. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019. Mun ga tashin buhu bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar ma duniya alkama. Mun kuma ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, da hanyar Kwatano ta toshe. Kowane karo mai fanke da mai burodi ne ke fara ji a jikinsu. In za mu karɓi sabon abinci, sai mu lissafa nawa daga kuɗinsa zai tsaya cikin garinmu.

A nan farar fiza ta fi ja dacewa da mu. Ba ta jiran tumatir, wanda ke arha da sanyi lokacin lambun Gulbin Maraɗi, ya yi tsada da damina. Ba ta buƙatar tumatirin gwangwani. Banda fulawa da yis, komi nata akwai shi kan babbar hanyar da ta ɗinke Gidan Rumji, Caduwa, Agye da Gazawa. Albasa daga Galmi take biyowa ta nan. Nono da cuku na hannun Fulani da Buzaye. Man gyaɗa kuwa tarihinmu ne: gyaɗa ce ta gina Maraɗi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kafin farin 1973 da 1974 ya karya noman. Masana'antu sun ja baya, amma matan da ke matsar mai da soya ƙuli a gida ba su taɓa ajiye turmi ba. Ita kanta fulawar ana iya rage ta. Tun shekarun 1970 cibiyar binciken abinci ta Dakar ta gwada burodi mai kashi 15 cikin ɗari na garin gero, ya kuma tashi.

Ga yadda ake yi, don uwargida ko mai tebur da ke son gwadawa. A samu fulawa rabin kilo, a cire cikin hannu guda a maye da garin gero mai laushi. Kar geron ya yi yawa, don ba shi da danƙon da ke riƙe iska cikin ƙulli. A sa ƙaramin cokali na yis, ɗaya na gishiri, babban cokali biyu na man gyaɗa, da ruwa mai ɗumi kamar kashi ɗaya cikin ukun lita. A murza sosai, a rufe, a bar shi ya ninka. Da bazara awa guda ta isa, da hunturu sai an ƙara haƙuri. Kafin nan a soya albasa da wuta kaɗan har ta yi laushi ta fito da zaƙinta. A zuba kindirmo cikin ƙyalle mai tsabta a rataye ya tsane, a dama shi da dakakkiyar tafarnuwa da gishiri. Cuku busasshe sai a jiƙa shi da madara, a marmasa.

A raba ƙullin uku, a shimfiɗa kowane da faɗin faifai, siriri. A shafa kindirmon, a watsa albasa da cuku. Wanda ba shi da fur, kaskon ƙarfe mai murfi ya wadatar: garwashi kaɗan ƙasa, mai yawa bisa murfi, yadda masu gato ke yi. Minti goma zuwa sha biyar, gefe ya yi ja, a sauke. Zuma kuwa a ɗumama ta daban da ɗan garin barkono, a kwarara bayan an sauke. In anka sa ta tun farko, ƙonewa take ta yi ɗaci.

Talakawan Napoli da abin da ke hannunsu sunka yi abincinsu, sunka riƙe shi da daraja har duniya ta zo tana koyo. Gurasa da masa da tsala da alkaki ba su gaza fiza da komi ba. Mai son ya sa ƙuli ko kilishi bisa tasa, ya sa, ya raɗa mata sunan garinsu.

Ku faɗa muna: a garinku wa ke gasa gurasa har yanzu, kuma da wane irin tanderu? Tsofaffin da sunka san lokacin da burodi ya fara shigowa kasuwar Gazawa ko ta Tibiri, a tambaye su, a rubuto muna abin da sunka ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka cikin abin da muke ci.