Tarihin Shirye-shiryen Yara a Talabijin a Nijeriya

Shirye-shiryen yara su ne waɗanda gidan talabijin yake tsarawa musamman domin ƙanana, da nufin ilmantarwa da tarbiyya da nishaɗi, kuma tarihinsu a Nijeriya ya kasu zamani uku, gwargwadon wanda yake riƙe da ikon zaɓar abin da yaro zai gani: da fari hukuma, sa'an nan 'yan kasuwa, daga bisani kuwa na'ura.

Zamanin hukuma ya soma a 1959, sa'ad da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar farko a Ibadan bisa hujjar cewa za ta taimaki makarantu, Jihar Arewa kuma ta buɗe tata a Kaduna a 1962, har aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, a 1977. A wancan lokaci tasha ba ta buɗewa sai da la'asar, akwatin talabijin kuwa ba kowane gida yake da shi ba, saboda haka yaran unguwa sukan taru a gidan mai hali su kalli abu guda, a sa'a guda, a gaban manyansu. Mafi shahara cikin shirye-shiryen wannan zamani shi ne Tales by Moonlight, wanda NTA ta fara a 1984, inda mace guda takan zauna yara kewaye da ita tana ba su tatsuniyoyin ƙabilun ƙasar, ko wace da darasinta, tamkar yadda kakanni suke yi bayan sallar isha'i.

Al'amari ya sauya a 1992, yayin da doka ta halatta wa masu zaman kansu kafa tashoshi, aka kuma kafa hukumar NBC domin sa ido a kansu. Ba a daɗe ba tauraron ɗan adam ya shigo da tashoshin Amurka irin su Cartoon Network da Nickelodeon, waɗanda ba sa rufewa dare da rana, alhali gidaje da dama a Arewa sun karkata ga tashoshin Larabawa kamar Spacetoon da MBC3. Da yake sayen tsohon katun na ƙetare ya fi shirya sabo arha nesa ba kusa ba, sai shirin gida ya ja baya, ko da yake ba a rasa masu himma ba: Adamu Waziri ya ƙirƙiro katun ɗin Bino and Fino a Abuja, an fara nuna Sesame Square a NTA a 2011 da tallafin Amurka, tashar Arewa24 mai watsa shirye-shiryenta da Hausa kuma ta buɗe a 2014.

Zamani na uku na wayar hannu ne. An kafa YouTube a 2005, aka fitar da manhajarsa ta yara a 2015, tun daga nan yaro ya daina jiran sa'a, ya koma kallo shi kaɗai, na'ura tana miƙo masa abin da zai daɗa riƙe idonsa domin ribar talla. Illar wannan ta bayyana a 2019, lokacin da hukumomin Amurka suka ci kamfanin tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da iznin iyayensu ba. Fa'idarsa kuwa ita ce mai ƙaramin jari yana iya isar da aikinsa ko'ina ba tare da neman alfarmar wata tasha ba, sai dai kuɗin talla sun fi auki ga mai Turanci fiye da mai Hausa.

Saboda haka nauyin tantancewa, wanda a da yake wuyan hukuma, yanzu ya komo kan iyaye da malamai, kuma matuƙar ba a samu masu zuba dukiya a shirye-shiryen yara na Hausa ba, da harshen wasu da ɗabi'un wasu allon zai ci gaba da yi wa 'ya'yanmu magana.